Bayan jinyar ciwon daji: tambayoyi da amsoshi kan yadda likitoci ke gano matsalolin ƙwaƙwalwa

Waɗannan tambayoyi su ne ke yawan fitowa daga bakin mutanen da suka yi jinyar ciwon daji a Sakkwato da kewaye, da 'yan'uwan da suka yi zaman jinya tare da su. Wasu a layin ganin likita ake yin su, wasu a zaure bayan an koma gida, wasu kuwa ba a iya furta su sai ga wanda aka aminta da shi. An sa musu lamba domin wata amsa ta iya tura mai karatu zuwa wata. Bayani ne don a fahimta. Tabbatar da abin da ke damun mutum sai ya zauna da likita ido da ido.

1. Su wa wannan bayani ya shafa? Sai wanda aka ce ya warke sarai?

Ya shafi duk wanda aka taɓa tabbatar masa da ciwon daji kuma yana raye. Akwai wadda aka cire wa mama shekarun baya, tana shan ƙwayar tamoxifen kullum. Akwai dattijon da ake yi wa allurar danne sinadarin maza saboda ciwon dajin furostet (wata halitta da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji), da yarinyar da ta gama kimo (maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji da ake sawa a jini ko a sha) tana shirin komawa makaranta. Tun 1986 wata ƙungiya ta marasa lafiya da likitoci a Amurka ta tsaya a kan cewa rayuwa bayan ciwon daji tana farawa ne daga ranar da aka gano shi, daga baya kuma ta haɗa har da iyalin mai ciwon. Likitoci da yawa sun karɓi wannan.

2. An ce magani ya yi, amma yanzu ne na fi jin ƙunci. Me ya same ni?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi, kuma ita aka fi jin kunyar yi. Lokacin da ake kimo ko gashi (ƙona ciwon da hasken na'ura), hankali yana kan abu ɗaya: ranar komawa asibiti, kuɗin magani, kuɗin mota daga Tambuwal ko Argungu ko Gusau, da ko jinin zai kai a ba da allurar wannan zagaye. Gida cike yake da masu zuwa dubiya. Da an sallame ki, masu dubiya sun ɗauke ƙafa, likitan da kike gani kowane mako ya koma sai bayan wata uku, bashin da aka ci yana nan, gonar da aka sayar ba ta dawo ba, jikin da kika sani ya sake. A lokacin ne zuciya ke samun sararin lissafa abin da ya faru.

Mutane za su ce, “Hajiya, ki gode wa Allah, wasu ba su tashi ba.” Gaskiya suka faɗa, kuma kina godewa. Sai dai godiya da ƙunci suna iya zama a zuciya ɗaya, kuma likitocin ciwon daji sun daɗe da sanin cewa watannin farko bayan kammala magani lokaci ne mai nauyi. Ko abin ya kai matsayin cuta ko bai kai ba, amsa ta 6 da ta 8 sun yi bayanin yadda ake aunawa.

3. Duk wanda ya yi ciwon daji sai ya kamu da matsalar ƙwaƙwalwa?

A'a. Kusan kowa hankalinsa yana tashi, amma mafi yawa ba su kai ga abin da likita zai kira cuta. Wani nazari da ya tattara bincike masu yawa, aka buga shi a mujallar Lancet Oncology a 2011, ya samu cewa a cikin masu jinyar ciwon daji kusan 16 cikin 100 suna da ciwon damuwa, kusan 19 cikin 100 suna da matsalar kasa sabawa da sabon hali, kusan 10 cikin 100 kuma suna da ciwon fargaba. Wani da ya biyo baya a 2013 ya duba waɗanda suka wuce shekara biyu da gano ciwon. A wajensu ciwon damuwa ya sauko, ya yi kusa da na sauran jama'a, amma fargaba ba ta sauko haka ba: kusan 18 cikin 100, alhali a masu lafiya kusan 14 ne. Yawancin wannan bincike a Turai da Amurka aka yi shi. A nan, inda mutane da yawa ba su isa asibiti sai ciwon ya yi nisa, kuma daga aljihu ake biyan magani, akwai ƙarin nauyin da waɗancan alƙaluma ba su ɗauko ba.

4. Da wane ma'auni likitoci ke rarraba waɗannan matsaloli?

Littattafai biyu ake dogaro da su a duniya. Na farko shi ne kundin rarraba cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD. Bugu na 11 ya fara aiki a Janairun 2022, ko da yake asibitoci da dama har yanzu da bugu na 10 suke rubuta bayanansu. Na biyu shi ne DSM na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda bugunsa na 5 ya fito a 2013, aka yi masa gyara a 2022. Babu wani babi na musamman da aka ware wa masu ciwon daji a cikinsu. Ma'aunin da ake auna kowa da shi ake auna su, kuma daga nan wahalar da ke amsa ta 7 ta samo asali.

Ko da wane littafi likita ya yi aiki, abu huɗu yake nema. Waɗanne alamomi ne suka taru? Tun yaushe? Sun hana mutum gudanar da rayuwarsa, kamar fita kasuwa, kula da yara, zama cikin mutane, tsayar da ibada yadda ya saba? Sannan akwai wata cuta ta jiki ko wani magani da zai iya kawo su? Sai ya amsa duka huɗun kafin ya sa suna.

5. Waɗanne rukunoni ne aka fi gani a wajen waɗanda suka yi ciwon daji?

Kasa sabawa da sabon hali, ciwon damuwa da ciwon fargaba su ne a gaba. Bayansu akwai firgicin da ke biyo bayan mummunan abu, rashin barci mai tsawo, da dogaro da ƙwayoyin kashe zafi irin su tiramadol. Sai rukunin da tushensa a jiki yake kai tsaye: ruɗewar farat ɗaya, raunin tunani bayan kimo ko gashin da aka yi wa kai, da canjin hali da wani magani ya jawo. Akwai kuma abu biyu da suka fi duk waɗannan yawa amma ba a lissafa su cikin cututtuka: tashin hankali na gama-gari, da tsoron dawowar ciwo. Mutum ɗaya yana iya haɗa biyu ko uku.

6. Yaya ake bambance baƙin cikin da kowa zai ji da ciwon damuwa?

A ma'aunin DSM akwai alamomi 9, kuma sai 5 daga cikinsu sun taru kusan kullum, na aƙalla mako biyu. Dole ɗaya daga cikin biyar ɗin ta zama ƙuncin rai mafi yawan yini, ko kuma duk abin da mutum yake so a da ya fita daga ransa. Sauran su ne canjin cin abinci ko rama, lalacewar barci, nauyin jiki ko kasa zama wuri ɗaya, gajiya, ganin kai ba shi da amfani ko ɗora wa kai laifin da ya wuce kima, kasa tattara tunani, da yawan tunanin mutuwa. ICD-11 ya ƙara ta goma: ɗebe tsammani daga gobe.

A zahiri abin da ya fi nuna bambanci shi ne ko baƙin cikin yana sassautawa. Mai baƙin ciki na al'ada yana kuka da safe, da yamma jika ya shigo ya ba ta dariya, ta ci tuwo da ɗan daɗi, gobe abin ya dawo. Mai ciwon damuwa jikan zai shigo ya fita, fuskarta ba ta canza ba. Za ka ji tana cewa ta zame wa 'ya'yanta kaya, ko wannan ciwo hukunci ne a kan wani laifinta.

Mutanenmu da yawa ba za su ce “raina a ɓace yake” a gaban likita ba. Za su ce kai yana zafi kamar an hura wuta, ko wani abu yana yawo a jiki, ko zuciya tana bugawa, ko tunani ya yi yawa. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya sun san wannan salo da kyau. Haɗarin ga wanda ya yi ciwon daji shi ne duk kukan jiki irin wannan a ɗauke shi alamar dawowar ciwo, a yi ta hoto da gwaji ana kashe kuɗi, ba wanda ya tambaye shi halin da zuciyarsa ke ciki.

7. Gajiya, rashin cin abinci, rama da rashin barci ai ciwon daji da maganinsa ma suna kawo su. Ta yaya likita zai rabe?

Nan ne aikin ya fi wuya. Huɗu daga cikin alamomin ciwon damuwa suna cikin abin da kimo da gashi ke bari a jiki, wani lokaci na watanni. In aka ƙara zafin Sakkwato na Afrilu da Mayu, wanda ke hana mai lafiya ma barci, sai lissafin ya ƙara cuɗewa. Masana sun bi hanyoyi daban-daban. Wasu suna ƙirga kowace alama ko daga ina ta fito, domin kada mai ciwon damuwa ya kuɓuce, amma hakan kan sa wa wasu sunan cutar da ba su da ita. Wasu suna cire alamomin jiki gaba ɗaya, sai su rasa wasu masu bukatar taimako. Wasu suna ƙoƙarin tantance tushen kowace alama ɗaya bayan ɗaya.

Hanya ta huɗu ita ce wadda masaniyar halayyar ɗan Adam Jean Endicott ta kawo a 1984, wato a musanya alamomin jiki da waɗanda ciwon daji ba ya kawowa da kansa. Maimakon rashin ci, a duba yawan hawaye da fuskar ƙunci. Maimakon rashin barci, a duba janyewa daga mutane da raguwar magana. Maimakon gajiya, a duba yawan saƙe-saƙe da baƙar fata ga duk abin da ke tafe. Maimakon kasa tattara tunani, a duba ko akwai abin da ke iya faranta wa mutum rai ko kaɗan.

A ganina tambaya ɗaya ta fi kowace amfani ga iyali kafin a je asibiti. In an yi suna ko ɗaurin aure a unguwa, Inna tana so ta je jiki ya hana ta, ko kuwa son zuwan ne babu? Wadda gajiyar magani ke damu za ta ce, “Da ina da ƙarfi da na tafi,” ta kuma tambayi wa da wa suka zo. Wadda ciwon damuwa ya kama, ko ƙarfin ya dawo ba ta da marmarin. Ku faɗa wa likita wanne kuka gani.

8. Mene ne “kasa sabawa da sabon hali”, kuma ya bambanta da ciwon damuwa?

Shi ne inda tashin hankali ya wuce abin da ake tsammani, yana taɓa aiki ko zaman iyali, amma bai cika sharuɗɗan amsa ta 6 ba. Yana da dalili bayyananne: labarin ciwon, cire mama ko mahaifa, rasa aiki, ko miji ya juya baya. DSM ya ce alamomin su fara cikin wata uku da faruwar abin. ICD-11 ya ce galibi cikin wata ɗaya suke farawa, ya kuma jaddada cewa babbar alamar ita ce tunanin abin ya mamaye mutum, ya kasa kawar da shi. Duka biyun suna sa ran ya lafa cikin wata shida bayan dalilin ya gushe. A ciwon daji dalilin ba ya gushewa da wuri, domin bashi da tabo da ranakun komawa asibiti suna nan, shi ya sa wannan matsala kan daɗe. Ba a raina ta. Tana iya zarcewa zuwa ciwon damuwa, kuma tunanin kashe kai yana iya zuwa a cikinta.

9. Duk ɗan ciwon da na ji sai gabana ya faɗi, in ce ya dawo. Wannan cuta ce?

Tsoron dawowar ciwo ba shi da lamba a ICD ko DSM, kuma mafi yawan waɗanda suka yi ciwon daji suna jin sa bakin gwargwado, musamman kwanaki kaɗan kafin ranar hoto ko karɓar sakamako, ko in aka ji rasuwar wani da aka yi jinya tare. Kaɗan daga cikinsa ma yana da amfani, shi ke sa mutum kiyaye ranar likita. Ya zama abin dubawa in mutum yana lalubar jikinsa sau da yawa a yini, ko yana yawo daga wannan asibiti zuwa wancan neman a sake tabbatar masa, ko akasin haka, ya daina zuwa asibiti gaba ɗaya don kada ya ji mummunan labari. Wannan na ƙarshe ya fi ba ni tsoro, domin shi ke sa a makara.

Ciwon fargaba na gama-gari ya fi faɗi. Zullumin ba a kan ciwon kaɗai ya tsaya ba, ya haɗa da yara, kuɗi, tafiya, komai, tare da ɗaurewar jiki, saurin fushi da rashin barci. DSM yana neman wata shida, ICD-11 ya ce watanni da dama. Akwai kuma faɗuwar gaba mai zuwa farat ɗaya, numfashi ya sarƙe, gumi ya karyo, mutum ya ji kamar ransa zai fita, ta lafa cikin mintuna. Kafin a ce wannan daga ƙwaƙwalwa take, dole a duba zuciya da huhu da jini, kamar yadda amsa ta 11 ta nuna.

10. Ina mafarkin ɗakin jinya, ko hanyar asibiti ba na so in bi. Firgici ne irin na waɗanda suka ga yaƙi?

Yana yiwuwa. Ana neman abu ya riƙa dawo wa mutum kamar yanzu yake faruwa, a mafarki ko a farke, yana gudun duk abin da zai tuna masa, yana zaune a tsorace kullum. A DSM sai hakan ya wuce wata ɗaya. Bugu na 4 na 1994 ya yarda cewa jin labarin cuta mai barazana ga rai yana iya zama sanadi. Bugu na 5 ya taƙaita: cutar kaɗai ba lallai ta isa ba, sai an samu abu na bazata mai girgiza, kamar farkawa ana tsakiyar tiyata. Saboda haka likitoci biyu za su iya duban mutum ɗaya, wani ya kira shi firgici, wani ya sa shi a rukunin amsa ta 8. Tashin zuciya da warin asibiti ke jawowa ga wanda ya sha kimo kuwa abu ne daban, jiki ne ya haɗa warin da amai.

Wanda ya fito daga yankunan da 'yan bindiga suka addaba, kamar Isa da Sabon Birni, ya gaya wa likita abin da ya gani a can. Sau da yawa jinya tana tayar da tsohon rauni ne.

11. Me ya sa likitan ƙwaƙwalwa ya tura ni gwajin jini?

Domin babu gwajin jini ko hoton da ke nuna ciwon damuwa, amma akwai gwajin da ke nuna abubuwan da suke kama da shi. Ƙarancin jini yana kawo kasala da bugun zuciya. Gashin da aka yi a wuya yana iya raunana halittar tayirod, wadda in ta kumbura ake cewa maƙoƙo, kuma rauninta kan bayyana ne bayan watanni ko shekaru da sanyin jiki, mantuwa da ƙuncin rai. Yawan sinadarin kalsiyam a jini, wanda ke faruwa in ciwon ya taɓa ƙashi, yana kawo ƙishirwa, taurin ciki da ruɗewa. Matsalar ƙoda, hanta ko sukari ma haka.

Magunguna ma suna da nasu. Deksametason da firednisolon, da ake bayarwa tare da kimo, suna iya hana barci, su sa surutu da rawar kai ko fushi, wani lokaci har ganin abin da babu. Magungunan danne sinadarin maza ko na mata suna taɓa yanayin rai. Macen da kimo ya ɗauke wa al'ada tun tana da ƙuruciya tana fama da zafin jiki na dare da lalacewar barci. In likita ya gano tushen irin wannan ne, sunan da zai rubuta daban ne, maganin ma daban. Ku zo da duk abin da ake sha a leda ɗaya, har da na kemis da jiƙe-jiƙen gargajiya.

12. An ba ni takarda mai tambayoyi, an ce makina ya yi sama. Shi ke nan an tabbatar?

Ba a tabbatar ba tukuna. Waɗannan takardu kamar ma'aunin zafin jiki suke: ya nuna akwai zazzaɓi, bai faɗi ko cizon sauro ne ko taifod ba. Mafi sauƙi ana tambayar mutum ya zaɓi lamba daga 0 zuwa 10 gwargwadon tashin hankalinsa a makon da ya wuce. 4 zuwa sama na nufin a ƙara bincike. PHQ-9 tana da tambayoyi 9 a kan ciwon damuwa, makinta 0 zuwa 27, kuma daga 10 ake ɗaukar abin da muhimmanci. GAD-7 ta fargaba ce, 0 zuwa 21. HADS, wadda aka fitar a 1983 domin marasa lafiyar asibiti, tana da tambayoyi 14, an kuma kauce wa yawancin alamomin jiki a cikinta da gangan saboda matsalar amsa ta 7.

Wanda ba ya karanta boko ma'aikaciyar jinya za ta karanta masa. Yana da haƙƙin ya nemi ɗan rakiya ya jira a waje. Mace ba za ta amsa tambayar ɗebe tsammani da gaskiya ba in surukarta na zaune a gefe.

13. Baba ya fara sambatu dare ɗaya, bai gane mu ba. Taɓin hankali ne ko iska?

Abin da ya zo cikin sa'o'i ko kwana ɗaya zuwa biyu, yana lafawa da rana ya tsananta da dare, mutum bai san inda yake ba, bai iya bin magana, yana ganin abin da babu, wannan ruɗewar farat ɗaya ce. Alama ce ta cewa jiki yana cikin haɗari: ƙwayar cuta a jini ko fitsari, zazzaɓin cizon sauro, bushewar jiki, yawan kalsiyam, ƙarfin maganin kashe zafi, ko ciwon ya kai ƙwaƙwalwa. A kai shi sashen gaggawa a ranar. Akwai nau'in da mutum ke yin shiru da yawan barci maimakon hayaniya, kuma shi aka fi kuskurewa da ciwon damuwa. In aka magance sanadin, sau da yawa hankali yana dawowa.

14. Tun bayan kimo nake mantuwa. Ƙwaƙwalwata ta lalace ke nan?

Mutane da yawa suna kukan mantuwa, ɓacewar kalma a baki da jinkirin lissafi bayan kimo. Galibi abin mai sauƙi ne, kuma yana raguwa a hankali cikin watanni. Likita zai yi ɗan gwajin tunani na baka, ya duba barci, jini da ciwon damuwa, domin kowannensu yana kawo mantuwa. In ta zo da ciwon kai mai ƙaruwa, amai da safe, farfaɗiya ko raunin ɓarin jiki, kada a jira ranar da aka rubuta.

15. A ina ake wannan bincike a Sakkwato, kuma me ke faruwa a ɗakin likita?

A fara da likitan da ke bibiyar ciwon dajin, domin shi ya san magungunan da aka bayar. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da sashen ciwon daji da gashi, yana kuma da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, don haka ana iya turawa daga wannan zuwa wancan. Akwai kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Kware. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ke da shirin mhGAP na koya wa likitoci da ma'aikatan jinya na gama-gari gane ciwon damuwa da makamantansa, saboda ƙwararru ba su da yawa.

Zaman hira ne. Za a tambayi yadda abin ya fara, barci, ci, aiki, zaman aure, ko an taɓa irin wannan kafin ciwon daji, ko akwai a dangi, da abin da ake sha. Da izininka za a ji ta bakin wanda ke zaune da kai. Wani lokaci ba a yanke hukunci a zama ɗaya, sai an ga sakamakon jini ko an sake haɗuwa bayan makonni.

16. Malam ya ce ƙarancin tawakkali ne. Zuwa asibiti bai saɓa wa haƙuri ba?

Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Yaƙubu, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa, kuma shi ne mai kyakkyawan haƙuri. Hadisi ingantacce ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Addu'a, karatu da zama da malamin kirki suna ƙarfafa mutum ƙwarai, kuma likita nagari ba zai hana su ba. Abin da ke cutarwa shi ne a gaya wa wanda ke ganin kansa mai laifi cewa imaninsa ne ya yi rauni, domin wannan ganin laifi yana cikin alamomin cutar, sai a ƙara masa. Mai sallar da ya daina jin natsuwa a cikinta, alhali da yana ji, ya ambaci wannan ga likita.

17. Inna tana yawan cewa “Allah ya ɗauki raina in huta.” Mu tambaye ta ko tana nufin wani abu?

Ku tambaye ta, a keɓe, da taushin murya. Tambaya ba ta dasa tunanin kashe kai a zuciyar wanda ba shi da shi, kuma tana sauke nauyi ga wanda ke ɗauke da shi shi kaɗai. Likita yana bambance fatan hutawa daga wahala, tunanin cutar da kai, da shirya yadda za a yi. Haɗarin ya fi yawa a watannin farko bayan gano ciwon, ko in ya dawo, ko in akwai zafin da ba a kashe ba. In ta ambaci hanya ko lokaci, kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da maganin ƙwari na gona da tarin ƙwayoyi daga ɗakin, a kai ta asibiti a ranar.

18. In aka rubuta mini wannan a kati, ba za a ce na haukace ba? Wa zai gani?

Mafi yawan abin da aka lissafa a nan bai taɓa hankali ta fuskar da mutane ke tsoro ba. Mai ciwon damuwa ko fargaba ya san kansa, ya san mutanensa, yana iya yanke shawara a kan dukiyarsa da maganinsa, kuma galibi daga gida yake zuwa ganin likita. Bayanin da ke cikin kati sirri ne tsakaninka da masu kula da kai. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi kare sirri da mutuncin mara lafiya da hana nuna masa bambanci.

19. Ni ce na yi jinyar mijina. Shi ya samu sauƙi, ni kuma na kasa barci. Ni ma a duba ni?

Ƙwarai. Nazarin 2013 da aka ambata a amsa ta 3 ya nuna fargaba a wajen ma'auratan waɗanda suka yi ciwon ba ta gaza tasu ba, har tana iya fi. Ke kika kwana a kan tabarma a barandar asibiti, ke kika ji abin da likita ya faɗa wanda aka ɓoye masa. Da ma'auni ɗaya za a auna ki, kuma kina iya faɗa wa likitansa a ranar da kika raka shi.

20. Tunda duk damuwa ce, me ya sa sai an tantance wace iri kafin a ba da magani?

Domin kowace da hanyarta. Kasa sabawa da sabon hali da tsoron dawowar ciwo sun fi jin zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam, da taimakon iyali a kan bashi da aikin gida. Ciwon damuwa mai tsanani kan bukaci ƙwaya tare da tattaunawa, kuma ƙwayar tana ɗaukar mako biyu zuwa shida kafin a ga amfaninta. Raunin tayirod maganin tayirod yake so. Mai ruɗewar farat ɗaya in aka ba shi maganin barci irin diyazefam ba tare da neman sanadi ba, ruɗewar na iya ƙaruwa. Wanda ya taɓa shiga lokacin rawar kai da rashin bukatar barci na kwanaki, maganin ciwon damuwa shi kaɗai zai iya tayar masa da shi, shi ya sa ake tambayar tarihi.

Ga mata masu shan tamoxifen akwai abin kiyayewa na musamman. Hanta ce ke juya tamoxifen zuwa sinadarin da ke aiki, kuma paroxetine da fluoxetine, magungunan ciwon damuwa biyu da aka saba bayarwa, suna toshe wannan hanya. Likitoci kan zaɓi wasu a madadinsu. Duk likitan da zai rubuta miki maganin damuwa, ki gaya masa kina shan tamoxifen ko bai tambaya ba, ki kuma kai takardar wajen likitan ciwon daji ya gani a zuwanki na gaba.